Bandin Ɗan Zabuwa

Aubervilliers, Litinin

Zuwa ga jikata Hamdiya, a Bron.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da uwarki Hafsah da mutanen Vénissieux gaba ɗaya. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa, ita kuwa mun saba da juna.

Wasiƙarki ta iso. Kin fara da ƙorafi, wai na sa ki sayen tambur na manna wa wasiƙa kamar a zamanin da, alhali ga salula. Salular tana nan cikin kwalinta inda kika ajiye ta. Maganar da ake yi a cikinta iska ce, gobe mutum ya ce bai faɗa ba. Ni ban shiga lakkol ba, a jikin kwalayen kaya na koyi baƙi ɗaya bayan ɗaya har na iya haɗa su, saboda haka in kin ga layina ya karkace, ki karkata kanki ki karanta.

To, zancen bandi, wato faifan zaren nan na ɗaukar sauti. Sai da na maimaita karatun, don na ɗauka idona ne ke yi mini wasa. Kin ce a wurin aikin naku na gyaran tsofaffin sauti, patoronki, shugaban wurin, ya kusa faɗowa daga kujera da kika gaya masa kakanki yana riƙe da bandin wasu mawaƙan Ingila. Wa ya aike ki? Kin ce ashe yaran nan sun zama manya, duniya ta san su, kuma masoyansu sun daɗe suna cigiyar waƙoƙin gwaji da suka fara ɗauka tun ba wanda ya san da su. Lemon Lorries kika rubuta. Mu Motar Lemu muke ce musu, haka ɗayansu ya fassara mana da hannu da ƙafa. Duk wannan ban musa ba. Inda hankalina ya tashi shi ne inda kika ce in ba ki bandin ki sa shi a tanda. A tanda, Hamdiya. Wai zaren ya tsufa yana danƙo, sai an gasa shi kafin ya juya. Abin da aka koya muku a jami'ar kenan? Burodi ne?

Ki saurara da kyau. Bandin nan ba nawa ba ne. Ranar da za su tafi ana ruwa, rufin motarsu yana yoyo, sai ɗayansu da muke ce wa Ɗan Zabuwa, wanda fuskarsa ke cike da ɗige-ɗige, ya ɗora mini kwalin a hannu, ya ce da Faransancinsa mai ciwo: riƙe mini, kada kowa ya taɓa, zan dawo. Na ce to. Wannan to ɗin ita ce har yau. Na sauya gida da shi, na rufe depo, ma'ajiyar hajata, da shi, ban taɓa ɗaga murfinsa ba. Amana ce. In yana son kayansa ya zo da ƙafarsa.

Kin kuma taɓo inda kika san zai yi mini zafi. E, muryar kakarki Raliatou tana ciki, kuma ba ta ko'ina a duniya sai nan. Kin ce kina ƙarama ta rasu, ba ki tuna yadda take magana. Na sani. Amma yanzu tana cikin kwali lafiya lau a can saman kabad. In kuka ƙone mini ita, wajen wa zan kai ƙara?

Ki gaida uwarki. Allah ya yi miki albarka, ya kuma raba ki da tanda.

Kakanki,
Alhaji Zailani

*

Bron, Alhamis

Baba Tsoho,

Assalamu alaikum. Ina gwiwa? Maman tana gaishe ka, ta ce maganin da likita ya ba ka na sha ne, ba amana ya ba ka ba.

Franchement, ka sa mini ciwon kai. Ba wuta za mu cinna masa ba. Tandar ƙarama ce, zafinta bai kai na shayin da kake kurɓa ba. Ana barin bandi a ciki ne har laimar da ya sha ta fita, sannan ya juyu a kan na'ura, mu kwashe abin da ke ciki. Ba zan yi maka ƙarya ba: akwai lokacin da ba a yin nasara, kuma mai yiwuwa sau ɗaya tak zai juyu. Amma in an bar shi, mutuwa zai yi, wannan babu shakka. Inna Rali ba ta cikin kwali lafiya lau, Baba Tsoho. Narkewa take yi a hankali.

Bon. Tunda mai amana kake so, na nemo maka. Ga hotunan mutum huɗu na ƙungiyar, na da da na yanzu. Duk suna raye, kuma duk sun yarda. Na yi magana da mai yi musu waƙa a waya. Ya ce a deponka aka haifi babbar waƙarsu, My Towering Kite, wadda jama'a ke rerawa filin ƙwallo ya ɗauka. Kite wani abin wasan yara ne na takarda, ana sakar wa iska shi da zare. Ya ce shi kansa bai san daga ina kalmomin suka faɗo masa ba, sai dai ya tuna da wata mata mai ɗankwali da take waƙa a bayansu.

Ka sa tabarau, ka nuna mini Ɗan Zabuwa a cikinsu, mu gama.

Jikarka da ka fi so, ko ka ƙi ko ka so,
Hamdiya

*

Aubervilliers, Lahadi

Zuwa ga Hamdiya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, ke da uwarki mai baki. Ki gaya mata na sha maganin.

Na sa tabarau, na kai hotunan bakin taga. Na gane su sarai, ko da yake sun zama tsofaffi masu kan ƙwarya. Na farko Dogo ne. Na biyu Gashin Tunkiya. Na uku shi ne Sha Yaji, wanda ya ɗebi cokali guda na yajin kakarki ya ce shi namiji ne, muka yi ta yi masa fifita da kwali. Na huɗu Mai Hamma, shi ne mai waƙar, don in ya buɗe baki ba ka sanin waƙa zai yi ko barci yake ji. Ɗan Zabuwa ba ya cikinsu. Yardarsu ta zauna a wurinsu. Wanda bai ba ni ba, ba zai karɓa ba.

Tunda ba ki san komai ba sai latsa na'ura, bari in ba ki labarin yadda yake. A lokacin uwarki ba ta kai aure ba. Wata safiya ta sanyi na zo buɗe depo, na tarar da wata ruɓaɓɓiyar mota ta mutu a bakin ƙofata, samari biyar a ciki sun dunƙule kamar ƴan tsaki. An kira su wasa a Paris, mai wurin ya rufe ƙofa ya gudu. Na ce su matsa, kamiyo na zuwa sauke kaya. Suka tura, ta ƙi. Kakarki ta zo ta gan su, ta dube ni ta ce, ƴaƴan mutane ne fa. Shi ke nan, na sha kaye. Na ba su kusurwar baya, tsakanin kwalayen takalma da na atamfa, suka zauna har sai da sanyi ya wuce.

Ita kuma ga dalilin zuwanta depo. Fura take yi tana sayar wa ƴan kasuwarmu, amma duk ranar da ta sa taɓarya a turmi a gidanmu na bene, Madam ta ƙasa sai ta hau bugun rufi da sandar tsintsiya. Don haka muka kai turmin depo, inda daɓen siminti ne. Ranar Lahadi take dakanta, ranar ce kuma yaran ke kunna kayansu. Gashin Tunkiya shi ne makaɗinsu, amma ya sayar da gangunansa a hanya. Yana zaune yana kaɗa gwiwa, sai ya ji Raliatou ta fara lugude, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. Daga ranar, sai ta fara sannan su bi. Kiɗan nasu kuwa, Allah na tuba, kamar an jefa garaya cikin rijiya tana kuka daga ƙasa. Har wata rana Ɗan Zabuwa ya juya zaren baya-baya, sautin ya dawo kamar ana zuƙe shi, suka yi ta tsalle wai sun gano abu.

Ni ba na zama. Auduga nake tusawa a kunne, in ɗauki kujera in koma bakin titi. Daga can ina jin dukan turmi da tashin muryarta sama-sama. Na taɓa tambayarta me take rerawa haka, ta ce, me zan rera in ba kai ba? Kin ji. Yabona take yi, gaban Turawa, ba kunya. Matan da kenan. Wannan ne kike so in ba ki ki sa a wuta.

Waƙar tasu ta takarda da zare ban taɓa ji ba, ba na kuma bukata.

Ɗan Zabuwa shi ke tuƙa motar, shi ke zama gaban na'ura da abu a kunne. Ki nemo shi, ko ki bar ni in huta.

Kakanki,
Alhaji Zailani

*

Bron, Talata

Baba Tsoho,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya.

Da ka ce mini direba ne tun farko, da ban yi ta yawo a kan hotuna ba. Na sake kiran Mai Hamma (yanzu ni ma haka nake ce masa a raina, ka ga abin da ka jawo). Sunan Ɗan Zabuwa Gareth. Ya bar su jim kaɗan bayan sun koma Ingila, ya koma garinsu yana gyaran rediyo. Baba Tsoho, ya rasu da daɗewa. Ba zai dawo ba.

Ya bar ƴa ɗaya, malamar asibiti ce. Na rubuta mata, ga amsarta na haɗo maka, da fassara a bayan takardar. Ta ce mahaifinta yakan ba su labarin wani mutum a Paris da ya yi ta yi musu faɗa kullum, kuma kullum sai ya kawo musu bargo. Ta ce ita ce magajiyarsa, ta yarda a buɗe, ta yarda a gasa, ta yarda a ji.

Voilà. Mai amana ya rasu, magajiya ta yi magana. In ba ka yarda da ni ba, ka tambayi abokinka Malam Moctar a masallaci, ai shi kake cewa ya fi kowa sani.

Ni dai ina so in ji ta sau ɗaya. Ba don patoro ba, ba don Turawa ba.

Hamdiya

*

Aubervilliers, Jumma'a

Zuwa ga Hamdiya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku.

Labarin Ɗan Zabuwa ya taɓa ni. Yaro ne mai ladabi, shi kaɗai ke cire takalmi in zai wuce inda nake salla. Ashe ina ta jiran wanda ya riga ni tafiya.

Na kai wa Malam Moctar takardar bayan an sauko. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna shan shayi tare, ko kallona bai yi ba ya ce yarinya ta fi ni gaskiya. Ya ce amana ta koma hannun magajiya, abin da ta ce shi za a yi. Na ce ai a takarda ta faɗa, ban ga fuskarta ba. Ya ce, Alhaji, ba kai ne ka ce maganar takarda ita ce magana ba? A gaban mutane ya faɗa. Har Youssouf mai sayar da jakunkuna ya yi dariya. Ban sha shayin Malam ba ranar.

Da na dawo gida na ce bari in nuna muku ƙaryarku. Na hau kujera, da wannan gwiwar, na sauko da kwalin. Na yi bisimilla na buɗe. Faifan yana nan, zaren naɗe a jikinsa, amma ya haɗe kamar alewar da ta kwana a rana. Na ɗan taɓa gefensa da yatsa. Hamdiya, launinsa ya biyo yatsata. Wani abu mai ruwan ƙasa, mai danƙo. Na tsaya ina kallonsa ban san ko wace kalma ce tata na ɗebo ba. Na kasa wanke hannun har lokacin la'asar ya kusa fita.

Ba ki yi nasara ba, kada ki yi murna. Ga sharuɗɗana. Ba zan sa shi a gidan waya ba, ba zan ba wa kowa ya kawo ba. Ni zan hau jirgin ƙasa da shi a cinyata. Ki tare ni a gar, tashar jirgin, ranar Laraba, kada ki turo uwarki, za ta cika ni da surutun magani. Kuma a ajiye mini kujera gaban tandar nan. In na ji ƙauri ko kaɗan, zan cire kayana in tafi, ko da hannuna zai ƙone. Ki gaya wa patoronki haka da Faransanci mai kyau.

Allah ya sa kin san abin da kike yi.

Kakanki,
Alhaji Zailani

*

Bron, Asabar

Baba Tsoho,

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa gida lafiya. Na ce da fatan, don ka fita daga studio ba sallama, ka bar hularka a kan kujera, sai daga bakin Malam Moctar Maman ta ji cewa an gan ka a masallaci. Haka ake yi?

Na farko dai, mun samu. Duka. Zaren ya yi ta zubar da gari yana juyawa, ba zai sake juyuwa ba har abada, amma ba abin da ya tsere mana. Ka zauna gaban tandar nan kamar mai jinya, kana shinshina iska, har abokan aikina suka fara tafiya da sanɗa. Ya biya.

Na biyu. Na san abin da ya tashe ka. Kai da ni kaɗai muka gane abin da take faɗa a ɗakin. Na sake saurara, na rubuta, don kada ka ce kunnena ne:

Na auri kwali, ban auri mutum ba,
Kwali da safe, kwali da yamma.
Ya ce Faransa wata shida ce,
Ga furfura ta same ni a bene.
Kunnuwa biyu, duka na ado,
Mai depo, mai taurin kai,
Mai depo, mai taurin kai.

Daga nan sai Mai Hamma ya ɗauka yana bin ta, mai taurin kai, mai taurin kai, har bakinsa ya mayar da shi My Towering Kite. Baba Tsoho, wallahi na yi ƙoƙari kada in yi dariya. Shekara talatin da wani abu Turawa suna cika filin ƙwallo, suna ɗaga hannu sama, wasu har da hawaye, ashe kai suke yi wa habaici.

Amma ka tafi kafin ƙarshe. Bayan waƙar ta tsaya, na'urar ba ta tsaya ba. Ana jin ta ajiye taɓarya tana haki, ta yi dariya, sannan ta ce wa ɗayansu, da Hausa, kamar zai gane: kai, miƙa wa mutumin can furarsa, ya zauna a sanyi tun ɗazu. Ni wannan nake ta maimaitawa. Ashe haka muryarta take. Ƴar siririya, ga kaifi. Maman ta ji, ta shiga ɗaki ta rufe.

Yanzu ga tambaya, kuma ƴar Gareth da su huɗun duk sun ce kai za ka yanke. Za su fitar da faifan. Ana iya yin ɗayan uku. A cire muryarta a bar dakan kawai, muna da na'urar da ke yin haka. Ko a bar muryar, a rubuta waƙar daka ta gargajiya, ba fassara, a London ba mai ganewa. Ko a bar komai, a fassara, a sa sunanta. Ka dai sani, in muryar ta fita, mutanen Aubervilliers ba sa bukatar fassara. Youssouf mai jakunkuna zai ji.

Na sa maka kwafi a cikin ambulan ɗin nan. Hular sai na zo.

Taka,
Hamdiya

*

Aubervilliers, Laraba

Zuwa ga jikata Hamdiya.

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, ba ɓata na yi ba.

Na kai abin da kika aiko gidan maƙwabci ya kunna mini, na ce ya fita ya ba ni wuri. Na ji har ƙarshe.

Matar nan ta cuce ni. Ta kalli idona ta ce me zan rera in ba kai ba, ni kuma na yi ta yawo da ƙirji a buɗe. Ban da haka ma, ƙarya ta yi mini a layi na uku. Ban taɓa cewa wata shida ba. Shekara ɗaya na ce.

Ki gaya musu kada a taɓa komai. Wanda ya sa mata na'urar cire murya, ni da shi ne. Ko hakin nan da ta yi a bar shi. A fassara daidai, kada ki sassauta don ni, kunnen ado ki ce kunnen ado. A rubuta Raliatou, waƙa da lugude, da manyan baƙaƙe irin nasu, ba a can ƙasa inda sai da tabarau ba. Na so in ce a ƙara cewa mijin ya musanta layi na uku, amma bari. Filinta ne.

Youssouf ya yi dariyarsa. Shi wa ya taɓa yi masa waƙa?

In za ki kawo hular, ki haɗo mini da na'ura mai manyan maɓallai, irin wadda in ta kai ƙarshe take komawa farko da kanta. Ban gama ba ta amsa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Alhaji Zailani